Ranar da Habsu Ta Wanke Arzikin Gure

Jama'a, yau da safe aka sauke ni daga muƙami. Ni Ɗan Talata, manomin gero, jiya ni ne Mai Tsaron Arzikin Ƙasa, yau ga ni tsugune a gindin gawo ina gyara ƙotar hauya. Matata Habsu ce ta jawo mini, kuma wallahi na rasa ko faɗa zan yi mata ko godiya.

Tun da bazara aka aiko mana wani baƙo mai hular kwano, wanda muke kira Mai Girma Sarkin Duwatsu, Allah ya ƙara masa sani. Tafintansa Manzo ya tara mu ya ce Mai Girma zai fitar da jan ƙarfe daga cikin dutse, ba wuta ba zugazugi. Daka dutsen za a yi, a jiƙa shi da ruwa mai tsami, a tace, ƙarfen ya biyo ruwan. Maƙwabcina Umara, mai zuwa dafa gishiri a ƙasar Manga duk rani, ya ce ai haka su ma suke yi, su zuba ƙasar gishiri a kwando su kwarara mata ruwa. Bakinsa ya ja masa. Nan take aka naɗa shi Shugaban Kwanduna, ba ko goro.

Aka duba duwatsunmu na Gure aka ce ba su da kirki, don haka aka ɗoro wasu koraye a kan raƙuma daga wata ƙasa mai nisa. Ku dubi hikima irin ta manya! Muna zuba ido ga ayarin hatsi, sai ga ayarin duwatsu. Ruwan tsamin kuwa an ce yana tafe daga bakin teku cikin kwalabe. Har yau yana tafe. Da jira ya ishi Mai Girma sai ya tambayi abin da ya fi kome tsami a garin nan, Manzo ya ce tsamiya. Aka bi gida gida aka kwashe ta. Tun ranar kununmu salam yake. A rijiya ma sai kwandunan Mai Girma sun ƙoshi kafin tulun kowa ya matso, matanmu na layi cikin rana suna sa masa albarka.

Da ruwan da aka tace ya yi kore shar, sai aka ce ana bukatar baƙin ƙarfe a tsoma a ciki, wai shi ke kiran jan ya fito. Ni kuma tsautsayi ya biyo da ni ta wurin da hauyata a kafaɗa. Manzo ya ce aro ne kawai, kafin la'asar.

Hauyar nan ita kaɗai gare ni. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, ciyawa na neman shaƙe shi. Lokacin noman fari ko ɗan'uwanka ba ya ba ka aron hauya, maƙerin gari kuma an sa shi dakan dutse. La'asar ta zo ta wuce, kwanaki suka bi ta. Kullum in je gona in tsaya ina kallon ciyawa, hankalina a tashe, ina tunanin abin da za mu ci bana.

Da aka ciro hauyar, sai ga bakinta ya yi jawur. Mai Girma ya jefa hularsa sama don murna. Manzo ya fassara mana cewa Gure ta zama birnin arziki, za a yi mana hanyar mota, kowa zai sha shayi da sukari. Hauyata kuma za a nuna ta ga wani Mai Girman da ya fi wannan girma, daga nan a sa ta a akwati ta ƙetare teku.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gonar fa?"

Manzo ya ce wannan tambayar ba ta fassaruwa. Don a faranta mini rai aka naɗa ni mai tsaronta, in kai ta gida in ajiye har babban baƙo ya iso, kuma kada in gaya wa kowa, asirin manya ne.

Jiya na jingine ta a ɗaki na tafi wurin Umara mu yi wa juna jaje. To, kun san matan garinmu, ba su ganin ƙarfe ya sake launi su ƙyale shi. Tasa ce, wuƙa ce, sai ta sha yashi da toka. Na dawo na tarar da Habsu a bakin randa, hauya na sheƙi a hannunta. Ashe jan nan a fata kawai ya tsaya. Arzikin Gure gaba ɗaya ya bi ruwan wanke-wanke, kaji na tono a wurin.

"Malam," in ji ta, "wane marar tsoron Allah ne ya bar maka hauya ta yi tsatsa haka?"

Yau da safe babban baƙo ya iso, an share gari, makaɗa sun jeru. Aka warware zanen da na naɗe hauyar a ciki. Baƙon ya juya ta, ya sake juyawa, ya faɗi wata magana gajera. Manzo ya fassara: "Wannan hauya ce." Madalla da ilimi. Mai Girman namu ya so a sake tsomawa, amma masu shara sun zubar da koren ruwan don kada warinsa ya dami baƙo, tsamiya kuma babu ko ɗaya a Gure. Aka tuɓe ni, aka jefo mini hauyata, aka ce in ɓace daga nan.

Ban taɓa jin daɗin kora irin ta yau ba. Bakin hauyar ya ɗan rame, tsamiya ta ci rabonta, amma zai yanke ciyawa, kuma gobe in Allah ya so ina gona. Umara ya rantse mini cewa tun kafin in kai ta gida matarsa ta ba Habsu labarin akwatin nan a layin rijiya. Ni dai ban tambaye ta ba. Ta ce tsatsa ce, to tsatsa ce. Wane ni in yi gardama da wadda za ta dama mini kunu ranar da Allah ya maido da tsamiya?