Rawar Baikona a Cocin Kaduna

Ba zan taɓa mantawa da hutun Kirsimetin da muka yi a Kaduna ba, ko da kuwa na so in manta. A shekarun saba'in ne, ina ajin ƙarshe na firamare a Kafanchan, ina ji da kaina kamar ni na kafa garin. Baba, wanda malamin makaranta ne, ya ce a bana za mu je babban birnin jiha mu gaida ƙaninsa, Baba Yohanna, ma'aikacin gwamnati. Muka hau jirgin ƙasa, ni da Baba da Mama da Kaka, da buhun acca da citta na tsaraba, ga sanyi yana shiga har ƙashi.

Tun a tasha Mama ta ja kunnena: "Ki riƙe kanki. Kar ki sa matan Yohanna ya ce mu mutanen daji ne."

Kaico, ai tun ranar farko na fara zubar da mutuncin gidanmu. Baba Yohanna ya zagaya da mu gari a motarsa. Muka ga gadar kogi, na yi ihu. Muka ga babban ginin majalisa mai kubba, na tambaya ko coci ne. Muka je kallon kada, na ɓuya bayan Kaka (wadda ita ma bayan Baba take nema). Duk abin nan 'yarsa Komfot, sa'ata, tana gefe tana dariya ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Ke, ba ku da shi a Kafanchan ne?" Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na ƙudura cewa kafin mu koma sai na nuna wa yarinyar nan akwai abin da na fi ta.

Kuma akwai. A cocinmu na gida, in lokacin baiko ya yi, wato ba da kyautar kuɗi ga coci, sai mata su saki kiɗan tulu da caki, a ajiye babban kwano a gaba, kowa ya taso layi-layi yana rawa ya je ya saka nasa. Layin 'yan mata ne ke fara fita, ni kuwa ni ce a gaban layin. Ba yabon kai ba, har tsofaffi kan ce ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ranar Lahadi aka kai mu cocinsu, inda ake sujada da Turanci, kowa zaune ƙiƙam kamar ana ɗaukar hoto. Manya suka zauna can gaba, ni da Komfot a bencin baya. Wa'azi dai ya wuce ni ta sama, amma da na ji an fara kaɗa piyano, mutane suna laluben aljihu, na ce yawwa, yau ga ranata. Muryar waƙar ma na san ta da Hausa. Na miƙe. Komfot ta cafke bakin siket ɗina, na fizge (a zatona hassada ce).

Na shiga tsakiyar coci, na lumshe ido, na saki kafaɗa. Taku biyu gaba, ɗaya baya, sabon takalmin Kirsimetina yana ƙwas-ƙwas a kan siminti. Na ji wurin ya yi tsit, na ce a raina, ai dole, ba su taɓa ganin irinta ba. Sai na ƙara da juyi.

Da na isa gaba na buɗe ido, babu kwano. Na duba kan tebur, na leƙa ƙarƙashinsa, wayam. Na waiga. Jama'a, babu ko mutum ɗaya a bayana! Kowa na zaune, dattawa riƙe da 'yan jakunkuna suna bi benci-benci, su ma sun tsaya sun saki baki. Mama ta rufe fuska da littafin waƙoƙi. Baba yana nazarin silin kamar shi ya buga shi.

A nan ne Kaka, Allah ya jiƙanta, ta ga ai jikarta ta yi abin kirki. Ta rangaɗa guɗa tun ƙarfinta, ta ce, "Yarinya na ne! Daga Kafanchan ya zo!"

Shi ke nan, har adireshi an bayar. Na rasa inda zan sa kaina, sai kawai na miƙa wa fasto baikon a hannu. Bawan Allah ya karɓa, yana danne dariya, ya ce da Hausa, "Allah ya sa albarka, 'yata. Ki koma a hankali." Hanyar da na zo da rawa, na koma da sanɗa, kuma na rantse ta ninka tsawo.

A gida matar Baba Yohanna ta yi dariya har da hawaye, ta ƙara mini cinyar kaza, ta ce rabon da ta ji daɗin sujada haka tun tana ƙauye. Mama dai sai da jirginmu ya kusa Kafanchan ta sake yi mini magana.

An ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, balle ni da na rufe nawa da kaina. Tun daga ranar, ko a cocinmu ba na tashi sai na ga bayan wani a gabana. Yanzu jikokina suna tsokanata wai tsufa ne ya sa kullum ni ce ta ƙarshe a layin baiko. Na bar su a haka.