Rasuwar Gwaggo, Butar Zaman Laraba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta taf, ana sanar da ɗaukacin malaman jami'a, manya da ƙanana, rasuwar Gwaggo, butar lantarkin da ke zaune kan teburin kusurwa a ƙaramin ɗakin malamai na saman bene. Ta rasu Larabar da ta wuce da yamma, cikinta babu ko ɗigon ruwa, ɗakin kuma babu kowa. Mai rashin ita ce Dakta ta sashen koyar da malanta, wadda ta sayo ta, ta rungumo ta zuwa ɗakin, ta kuma riƙa wanke ta da hannunta har ƙarshen rayuwarta.

Ga waɗanda suka zo daga baya, ga asalin marigayiya. Lokacin da ƙirƙirarriyar basira, na'urar nan mai rubutu da amsa tambaya kamar mutum, ta shigo jami'a, ta ƙofar ɗalibai ta shigo, malamai suna barci. Aka wayi gari ɗalibin da bai iya haɗa jimla biyu ba yana miƙa aiki sumul kamar littafi. Hukuma ta kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Dakta ba ta jira su ba. A ganinta, abin da malami ke jin kunyar tambayar ƙwararre zai tambayi ɗan'uwansa malami, muddin akwai kofin shayi a gabansa. Sai ta sayo buta, ta ce duk Laraba a hallara, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba, babu shugaba, babu jawabin buɗe taro.

Halinta ne ya jawo mata sunan Gwaggo. Kafin ta tafasa sai ta yi mita, gur-gur-gur, kamar dattijuwar da aka tasa daga barcin rana. Daga nan ta hau huci, shuuu, sannan ta ce ƙas, ta yi tsit. Da an ji wannan ƙas ɗin, kowa ya san zama ya fara.

Marigayiya ba ta taɓa tambayar mutum matsayinsa ba. Ruwan da ta ba babba shi ta ba ƙarami. Tana kuma da rufin asiri. A gabanta ne tsohon Farfesan tarihi, mutumin da ɗalibai ke sauya hanya in sun hango shi, ya riƙe kofi hannu biyu ya ce wa Dakta, "'Yata, ni fa tsoron abin nan nake. Kada a wayi gari a ce ba a buƙatata." Ba wanda ya yi dariya. Malamar lissafi ta jawo kujerarta kusa da tasa, ta nuna masa inda zai danna, ya manta, ta sake nuna masa. Bayan 'yan makonni shi ne ya kama na'urar tana jero masa littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. Ya yi dariya har shayi ya zube masa a riga. "Ashe maƙaryaciya ce!" in ji shi. "To, yanzu hankalina ya kwanta."

A kan tururinta aka yi musun abin da za a ƙyale ɗalibi ya yi da na'ura da abin da za a hana shi. A kan tururinta aka sake fasalin jarrabawa, aka ɓata, aka shirya. Akwai Larabar da kujeru suka ƙare, mutane suka hau bakin taga, Gwaggo ta tafasa har sai da jikinta ya ƙi taɓuwa.

Gaskiya ta wajaba ko a kan mamaci: da tsufa ya kama ta, takan manta da ƙas ɗinta, ta yi ta tafasa sai an danna ta. Kowa ya san haka. Wanda ya fi kusa yakan miƙa hannu ba tare da ya katse maganarsa ba. Ba a taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo ba, don kullum akwai wani a kusa.

Ciwon ajalinta daga nasara ya faro. Kowa ya iya. Hukuma ta yaba wa Dakta a bainar jama'a, wasu jami'o'i suka gayyace ta ta faɗa musu sirrin. Sai kujeru suka fara zama wayam. Mai tambaya yanzu ba ya hawa bene, ƙofar ofishinsa yake turawa ya tambayi na'ura, wadda ba ta gajiya, ba ta kuma cewa ai na nuna maka makon jiya. Dakta ta ci gaba da cika Gwaggo har wuya, da yamma ta zubar da ruwan da ya huce. Ana cikin haka Shugaban tsangaya ya tare ta a baranda. "Dakta, aikinki ya yi kyau, har ya gama kansa," in ji shi. "In ba mai zuwa ɗakin nan, ƙarshen wata za mu zuba karyayyun kujeru a ciki mu kulle." Ta roƙe shi. Ya ce to, amma sai ya ga mutane a ciki ko da Laraba ɗaya.

Ranar da abin zai faru ta jera kofuna, ta kunna Gwaggo, ta zauna. Da shiru ya yi yawa sai ta tashi ta bi ofisoshi tana ƙwanƙwasawa. Malamar lissafi ba ta ko ɗago ido ba. "Yaya, ki turo min abin da kuka tattauna, zan sa a taƙaita min." Dakta ta wuce wurin Farfesa. Ta same shi yana murmushi a gaban kwamfuta, ya ɗaga mata hannu ta jira. Ta jira, don babba ne, ba a katse shi. Can ya waiwayo ya ce, "Yi haƙuri 'yata, muna tsakiyar magana ne." Tana nan tsaye warin ƙonanniyar roba ya biyo baranda ya iske ta.

Ta tarar da gindin Gwaggo ya yi baƙi ƙirin, mariƙin ya narke ya langaɓe. Ba wanda ya ji maganar Gwaggo ta ƙarshe. Dakta ta ƙone a tafin hannu garin ɗauke ta, ba ta ma ji ba sai daga baya. Ba ta fushi da na'ura, ita ma da ita take aiki, kuma ita ta buɗe mata ƙofa. Abin da ke cin ta shi ne kaɗaici, da kunyar cewa ta zaci mutanen nan juna suka zo nema.

Marigayiya ta bar kofuna marayu, ciki har da mai tsagaggen baki na Farfesa. Ta bar cokali ɗaya da kowa ya juya shayinsa da shi, da gwangwanin sukarin da ya daskare, da zagayayyen tabo a kan tebur wanda ba sabulun da zai fitar. Ta kuma bar malamai masu yawa, duk sun ƙware, duk suna cikin ƙoshin lafiya.

Ana godiya ga waɗanda suka aiko da ta'aziyya ta waya. Saƙonnin sun iso tun kafin hayaƙi ya gama fita, dogaye, tsararru, kusan duk da jimla ɗaya suka fara. Na Farfesa ya kira marigayiya uwa tagari wadda ta tara 'ya'ya a inuwarta. Da alama ba a gaya wa na'urar cewa buta ce ta mutu ba. Duk da haka Dakta ta karanta ta yi kuka, don maganar gaskiya ce.

Za a yi bankwana da Gwaggo ranar Laraba mai zuwa, ta ƙarshen wata, a lokacin da aka saba, a ɗakin da aka saba. Za a kwantar da ita a kan teburinta, daga nan a miƙa ta ga mai sayen tsofaffin ƙarafa. Shugaban tsangaya ya ce zai leƙo, da makulli a aljihunsa. Ba za a ba da shayi ba, mai dafawar ce a kwance. Ba a karɓar ta'aziyya a rubuce. Wanda bai san abin da zai faɗa ba kada ya tambayi na'ura, ya hau benen a haka, ya zauna ya yi shiru. Kujerar ake so a gani da mutum a kai.