Ranar da Sista Hajara ta Ɓarar da Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya a ɗakin mata na asibiti ba, ina shekarar farko ta koyon aikin nas, lokacin da mutane ba su gama sabawa da naira ba. Ni 'yar Unguwar Sarki ce, babana ma'aikacin gwamnati, kuma gaskiya ina ji da kaina. Farar rigata kan sha sitaci da guga har ta kusa tsayawa da kanta. In na ɗora hular nan na ratsa unguwar Doka, gani nake kowa ni yake kallo (masu keke dai hanya suke so in ba su).

A lokacin, da za ka tambaye ni mene ne jinya mai kyau, cewa zan yi gyaran gado. Na kuwa iya shi. Nakan ja zanen gado in soke shi tsaf, ko ƙuda ya sauka sai santsi ya kwashe shi.

Ran nan aka ce Metiron, shugabar duk nas-nas na asibitin, za ta zagaya. Mace ce mai kaifin ido, kowa shakkarta yake. Sista Hajara, mai kula da ɗakinmu, ta raba mana gadaje, ta ba ni layin taga. Na zage damtse. Kwanukan 'yan dubiya, butoci, tabarmin masu jinya, duk na cusa su inda ido ba ya kai. Marasa lafiyar ma sai da na jera su kamar an auna da igiya.

A gadon ƙarshe akwai wata tsohuwa 'yar Katabu, Iya muke ce mata. Ta karye a ƙugu, ba ta iya tashi. Mace ce mai tsananin kunya, ko abinci ba ta ci sai ta juya fuska bango. Ina cikin sha'awar aikina ta yafito ni, ta rage murya.

"'Yar nan, taimake ni da fo."

Fo? Yanzu? Ga takun Metiron ina ji a baranda. In na kawo mata fo ɗin fitsari dole in ɗaga ta, zanen da na sha wahala a kansa ya yamutse. Na ce, "Iya, ki ɗan daure, yanzu za ta wuce." Har da gyara mata bargo, wai ni mai tausayi.

Metiron kuwa kamar ta sani, ta ƙi sauri. Kowane gado sai ta tsaya ta yi tambaya. Da ta iso layina ta shafa zane, ta gyaɗa kai, ta ce wa ya gyara nan. Na ce ni ce, baki har kunne. Ni ban ga komai ba sai Metiron. Sista Hajara ce ta ga Iya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Abin da tsohuwar ke gudu ya faru. Ga ɗaki cike da mata, ga likita namiji, sa'an jikanta, yana tafe cikin ayarin Metiron.

Sista na riƙe da kwanon ruwan da likita ke wanke hannu. Ta yi gaba, ta yi tuntuɓe a inda babu abin tuntuɓe, ta juye ruwan kaf a jikin Iya.

"Subhanallahi! Iya, ki gafarce ni, yau hannuna ya ƙi riƙe abu. A ja labule!"

Metiron ta wanke Sista tas da faɗa a gabanmu, mu 'yan koyo. Sannan ta nuna mata ni da yatsa. "Ke da za ki koya musu! Dubi aikin ƙaramar yarinya, ki ji kunya."

Sista ta sunkuyar da kai ta ce ta yi kuskure. Ni kuwa a lokacin na gane abin da ruwan ya rufe. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ni kaɗai Sista ta kira bayan labule. Muka wanke Iya da ruwan ɗumi, Sista na yi mata hirar damina da gonakin Katabu, kamar ba abin da ya faru. Da muka gama, Iya ta kama hannunta ta ce, "Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira." Ni ko kallona ba ta yi ba.

A wurin wanke kaya na tsaya jiran faɗa, har na tanadi hawaye. Sista ta ce, "Ƙanwata, gado ba ya jin kunya, wanda ke kansa ne ke ji. Mu in mun tashi aiki, abin da muke tambayar kanmu shi ne, wa ya kira muka je? Ni ma yau ban yi aiki ba. Da na yi, da na gan ta tun tana yafito ki."

Ka ji fa. Matar da ta sha zagi don ta ceci mutuncin tsohuwa, wai ita ce ba ta gamsu da aikinta ba.

Tun daga ranar, ko Gwamna ne a bakin ƙofa, in aka ce fo, da gudu nake zuwa. Na tsufa a aikin nan, na sha faɗa iri-iri, duk na manta. Yabon Metiron ne kawai har yau in na tuna sai na rufe fuska.