Yadda Mai Girma Ya Yi Ninƙaya a Kan Tayil

Jama'a, ku yi haƙuri da ni, yau da kumburarren leɓe nake muku rubutu. Ba faɗa na yi ba, ba kuma zuma ce ta harbe ni ba. Tiyo na tsotsa. Ni ɗin nan, mai jikoki goma sha ɗaya, na durƙusa a bayan allon ƙwallon kwando ina zuƙo ruwan hukuma kamar ɓarawon fetur. Bari in faro muku daga tushe, don matar tela ta riga ni zaga unguwa da nata labarin, kuma rabinsa ƙari ne.

Wata bakwai ke nan famfon unguwarmu bai ɗiga ba. In ka murɗa shi sai ya yi tari sau biyu irin na tsoho mai asma, ya yi shiru. Amma kada wani ya ce an manta da mu. Shekara huɗu da suka wuce, Hukumar Walwala da Motsa Jini ta gina mana wurin ninƙaya, ƙato, da shuɗin tayil, da tsani mai ƙyalli, da allo a ƙofa mai cewa kowa ya yi wanka kafin ya shiga. Abu ɗaya ne kawai ya rage, kuma ƙarami ne: ruwa. Tun da aka yanke ƙyallen buɗe shi, in ban da ruwan sama, ba abin da ya taɓa jiƙa shi. Ƙadangarun ciki har sun yi jikoki.

Maigadin wurin mijin ƙanwata ne. Makullai ake ce masa, saboda tulin makullan da ke ƙugunsa, tun daga nesa za ka jiyo shi kamar akuya mai ƙararrawa. Shi da ƙanwata a ɗakin canja kaya na ɓangaren mata suke zaune. Gadonsu na ƙarƙashin ƙusoshin rataye tawul, tukwane da kwanuka suna cikin akwatunan ƙarfen da aka yi don masu iyo su ajiye tufafi, lamba ɗaya zuwa lamba shida. Ba su da wani ɗaki a duniyar nan sai shi. Ranar da aikin ya tafi, ɗakin ya tafi.

To, makon jiya na je duba ƙanwata, wato na je jin labari, sai ga mota tana sauke manyan kwalaye. Har na fara murna.

Na ce, "Makullai, injin jawo ruwa ne?"

Ya ce, "A'a, Yaya. Kayan wasa ne."

"Wasan me?"

"Ƙwallon kwando da ƙwallon raga. Na cikin ruwa."

"Wane ruwan?"

Ya gyara makullansa ya ce, "Yaya, ni maigadi ne. Ruwa ba sashena ba ne."

A jikin kwalin akwai hoton wasu mutane ruwa iya ƙirji, haƙora duk a waje, suna jifan ƙwallo. Da aka buɗe sai ga farin allo da jan zobe, ga doguwar raga da sandunanta biyu, ga ƙwallaye shida waɗanda aka ce ko ka danna su ba sa nutsewa. Na ce madalla, a nan ma ba za su nutse ba. Abin da ya ja idona shi ne gindinsu. Kowace sanda tana zaune a kan wani ƙaton tankin roba mai murfi, wai sai an cika shi da ruwa sannan ya yi nauyin da zai riƙe sandar. Na kwandon yana shan bokiti takwas, na ragar huɗu-huɗu. Ni da na fita makaranta a aji huɗu, nan take na haɗa lissafin.

Ni fa na yaba da wannan hangen nesa. Wani shugaba marar tunani da sai ya fara kawo ruwa tukuna, mutane su sha, su yi wanki, su ɓarnatar da shi, gobe su dawo suna neman wani. Namu sun san ruwa ƙarewa yake yi. Raga kuwa tana nan har jikokinmu su gada.

Ranar Laraba da safe, ranar bikin ƙaddamarwa, sai ga tankar ruwa ta shigo layinmu. Wallahi ban san akwai sauran gudu a ƙafafun nan nawa ba sai ranar. Mata suka fito da bokitai, da jarkoki, wata har da tukunyar da ke kan wuta. Muna isa ƙofa Sakataren hukumar ya tare mu, wani siriri mai biro uku a aljihu.

Ya ce, "Iyayena, ku koma. Wannan ruwan na wasanni ne."

Matar tela ta ce, "To mu ma wasan muka zo. Ni ce mai tsaron gida."

Bai ko murmusa ba. Muna tsaye a bayan wayar shinge muna kallo aka cika tankunan nan uku, aka wanke tayil don ya yi ƙyalli a hoto, sauran kuma aka fesa a tsakar fili don kada ƙura ta taɓa takalmin babban baƙo. Ƙasa ta shanye, tanka ta juya. Wata tsohuwa kusa da ni ta bi sawun tayar da ido har ya bushe.

Ni dai 'yar gida ce, ba mai hana ni shiga. Makullai ya tafi ɗebo kujeru, Sakatare yana can yana faɗa da masu kafa rumfa. Na ɗauko tiyon da ƙanwata ke ɗaure katifa da shi, na buɗe murfin tankin kwandon, na zura, na ja da baki. Bokiti biyu kacal na ɗiba, Allah shi ne shaida. Kuma mutum ɗaya na faɗa wa, matar tela, sai da na sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Kafin a gama jera kujeru, tiyo ya bi ta ƙarƙashin waya, layi ya kai shagon mai faci. Ba zan kama suna ba, amma na ga bokitin matar hedimasta sau biyu. Mu mata ne masu tarbiyya, da muka gama mun mayar da kowane murfi mun ɗaure shi tamau.

Babban baƙon namu, Mai Girma Uban Almakashi, gwanin yanke ƙyallen buɗe ayyuka, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi, ya iso bayan awa uku da motoci tara, a makon da mijin 'yata ya yi wuni biyu a layin mai ya dawo yana tura babur. Ya hau lasifika ya ce daga yau kowane gida a unguwar nan zai fitar da zakara. Ruwa kuwa, in ji shi, yana kan hanya. Haka ya ce shekara huɗu da suka wuce. Ban san ta wace hanya ruwan ya biyo ba, amma ko a ƙafa yake tahowa ya ci a ce ya iso.

Aka kawo 'yan wasa, ƙarti goma sha biyu da aka kwaso daga garejin kanikawa, aka sa musu hular roba da tabarau na nutso, suka bi tsani suka sauka cikin busasshen rami. Sakatare ya sa an ɗaura ragar daidai tsakiya, kamar yadda ya gani a kwali. Abin da bai lura ba, ramin gangare ne, gefe ɗaya iya ƙugu, ɗaya gefen kuma ya shanye mutum biyu a tsaye, don an yi shi ne mutum ya taso a kan ruwa. Sai ya zama 'yan gefen tudu raga na daidai haɓarsu, 'yan gefen kwari kuwa suna hango ta can sama kamar igiyar shanya a bene. Aka tashi ashirin da biyar da nema. Mai Girma ya yaba wa waɗanda suka ci, ya ce wa sauran su ƙara himma.

Daga nan aka miƙa masa ƙwallo don ya buɗe kwandon. Shi yana tsaye a baki, zoben bai wuce tsayin kansa ba. Ya jefa, ta bauɗe. Sakatare ya ce gwaji ne. Ya sake, ta bugi mai ɗaukar hoto. Sai Mai Girma ya naɗe hannun riga, ya matso, ya cusa ƙwallon cikin zobe da hannu biyu, ya kuma yi lilo a jikinsa irin yadda ake yi a talabijin.

Jama'a, tankin da babu ko kofi ɗaya a cikinsa, me zai riƙe? Kwandon ya rusuna masa cikin ladabi ya bi shi. Ya kai hannu ya cafko raga, sandunan nan biyu su ma suka ce ba a bar mu a baya ba. Haka ya sauka a kan kanikawan gefen tudu, naɗe cikin raga, ƙafa ɗaya a sama. Shekara huɗu, shi ne kifi na farko da aka kama a wurin. Fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙwallo tana gangarawa gefen kwari, ɗas, ɗas, ɗas. Makullai ne ya sauka ya warware shi. Targaɗe ne kawai da ƙujewar gwiwar hannu, amma motoci tara suka raka shi asibiti.

Na yi dariya har sai da haƙarƙarina ya riƙe. Washegari dariyar ta koma ciki. Takarda ta zo: an dakatar da Makullai, kwamitin bincike zai zauna ranar Litinin, in laifi ya tabbata su bar ɗakin cikin kwana bakwai. Na tarar da ƙanwata zaune a bakin gado tana kallon akwati lamba uku, inda kwanukan aurenta suke.

Ta ce, "Yaya, ina za mu kai gadon nan?"

Sai ga Makullai ya shigo. Ya ɗauko tiyon daga inda na jefar, ya karkaɗe shi, ruwa ya ɗigo. Ya naɗe shi a hankali ya ce, "Yaya, ruwan dai ya yi kumfa ko?"

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Litinin na yafa mayafina na tafi. Mutum biyar ne a teburi a bakin ramin, kowa da gorar ruwa mai sanyi a gabansa. Makullai na tsaye, hula a hannu. Na ce ni ce yayar matarsa, kuma ni na zuƙe ruwan.

Shugaban kwamitin, wani mai tumbi da ya kusa hawa teburi, ya ce, "Iya, zauna. Ba a sa tsofaffi a rahoto."

Sakatare ya miƙe ya karanto laifin: cewa maigadi ya yi sakaci, ya bar gindin kayan wasa babu ruwa, alhali ga wurin ninƙaya cike a gabansa da zai iya ɗiba.

Na leƙa ramin. Wani jangwalagwada yana tsakiya yana mini gyaɗa kai.

Na ce, "Ɗana, kunnena ya tsufa. Cike ka ce?"

Ya ce, "Haka yake a fayil, Iya. Duk Juma'a ana ƙara masa tanka biyu, ana zuba magani."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka buɗe."

Na ce, "To alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Ashe Mai Girma cikin ruwa ya faɗa. Ni da na ɗauka tayil ne. To mutum ya zo wurin ninƙaya ya faɗa ruwa, ina abin kafa kwamiti? Ai abin da aka gina wurin don shi ke nan."

Mai tumbi ya ce, "Iya, ya ji rauni fa."

Na ce, "A ruwa? To ku rubuta. Ku ce ya bugu da ƙasa don ramin a bushe yake. Sai dai ku bar fili a ƙasan takardar, don wanda zai karanta zai so ya ji inda tanka biyu-biyu na shekara huɗu suka kwarara. Ni ba ilimi gare ni ba, amma ina da baki, kuma ina da shafi a jarida."

Sakatare ya ciro biro ɗaya, ya mayar, ya ciro na biyu. Mai tumbi ya shanye gorarsa a zuƙa ɗaya. Suka ce mu ɗan ba su wuri. Muka koma jikin waya ni da Makullai, muna hango kawuna biyar sun haɗu kamar kaji a kan tsaba.

Makullai ya ce, "Yaya, kin ƙarasa ni."

Na ce, "Yi shiru, ka riƙe makullan nan su daina kaɗawa."

Ba a yi minti goma ba aka kira mu. Sakatare ya karanta sakamako. Kwamiti ya gano cewa ba wani hatsari da ya faru. Mai Girma, saboda tsananin ƙaunarsa ga wasanni, shi ya yi tsalle ya faɗa ruwa da kansa don ya ƙarfafa wa matasa gwiwa. Kwamiti ya kuma yaba wa maigadi bisa jarumtar da ya nuna wajen tsamo shi. An janye dakatarwa. Ɗaki na nan.

Ƙanwata da ke laɓe a bayan ƙofa ta saki guɗa har ƙadangaru suka watse.

Jiya kuma wata takardar ta iso. Tun da fayil ya nuna Makullai ya tsamo babban mutum daga ruwa, an ƙara masa matsayi: yanzu shi ne Jami'in Ceton Masu Nutsewa. An aiko masa da usur, da jar riga, da wata doguwar kujera mai tsani da zai riƙa hawa yana duba lafiyar masu iyo. Ya zo gidana da takardar, fuska duk a yamutse.

Ya ce, "Yaya, akwai matsala. Ni fa ban iya iyo ba. Ko a baho tsoro nake ji."

Na ce, "Hau kujerarka ka hura usur, ɗan'uwa. In dai waɗannan bayin Allah ne ke riƙe da famfo, har ka yi ritaya ƙafar wandonka ba za ta jiƙe ba."