Ayaba a Cikin Akwatin Rigakafi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe akwatin nan a gaban Liman ba. Na yi ƙoƙarin mantawar, ta ƙi. Tun da ta ƙi, gara in faɗa da bakina, don na gaji da jin labarin a bakin wasu, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa.

Ni ba likita ba ne, ba kuma nas ba. A aji uku na sakandare na tsaya (ba kora ta aka yi ba, ni na kori kaina). Da aka yanke Jigawa daga Kano aka kwaso mu ƙananan ma'aikata, sai aka jefa ni wani ɗan asibiti a ƙasar Miga. Iyalina suna Limawa a cikin Dutse, ina zuwa ranar Juma'a in koma Litinin. Aikina shara, ɗiban ruwa, da kula da firjin allurar rigakafi. Firjin kananzir ne, don wutar lantarki a garin sai dai a labari. In zuba masa mai, in gyara lagwani, in duba ma'aunin sanyi safe da yamma. A samansa akwai ɗan gidan ƙanƙara, inda ake jera robobin ruwa su daskare. In za a fita ƙauye, robobin nan ake jerawa a cikin akwati su kewaye kwalaben allura, don zafi yana kashe ta. Wannan kowa ya sani. Ni ma na sani. Ni ne ma nake koya wa sababbi.

Wajen shekarar da aka fara shari'ar Musulunci jikina ya soma ba ni matsala. In kwana uku ban zagaya ba, ga basir, ga ciwon kai. Sista Rabi, shugabar asibitin namu, ta gwada jinina ta ce ya hau, in rage gishiri da nama. Rage ta ce. Amma ni ban iya rage abu ba, ko dai in rungume shi ko in tsine masa.

A tashar Dutse na gamu da ajalin mutuncina, a shimfiɗar wani mai sayar da tsofaffin littattafai. Ɗan littafi ne na Turanci, a bangonsa wani tsohon Bature ya banƙaro ƙirji yana dariya. Rabin Turancin na gane, rabin na cike da kaina. Abin da na fahimta shi ne wuta tana kashe abinci. Kada ka ci dafaffe, kada ka ci nama ko ƙwai, kada ka sha nono. Ganye ɗanye, 'ya'yan itace, da gyaɗa. Sarkinsu duka kuwa ayaba.

Lokacin kuwa kowa a gari wa'azi yake yi. Mai faci wa'azi, mai shayi wa'azi. Ni da ko hizifi biyu ban haɗa ba, ga shi Allah ya kawo mini nawa abin da zan yi wa mutane wa'azi da shi. Na daina cin tuwo. Na koma gurji, tumatir, karas, dabino, ɗanyar gyaɗa, sai ayaba safe da rana da yamma. Ranar da na ture kwanon miyar kuka karo na uku, matata ta tsaya a kaina da muciya a hannu.

"Malam, ni dai mutum na aura. In akuya ka koma, ka faɗa mini in daina wahalar hura wuta."

Na ce mata jahilci ne yake damunta. (Ta yi aji shida na firamare, kuma ta fi ni iya karatu.)

Zan faɗi gaskiya, abin ya yi mini amfani. Cikina ya saki, basir ya lafa, jikina ya yi sakayau, Sista ta sake gwada jinin ta ce ya sauka. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne in na ɗago daga ruku'u sai na ga masallaci yana juyawa, wandona kuma sai da na ƙara wa mazaginsa ƙulli. Mai wa'azi ba ya faɗin irin wannan.

Matsalar ɗaya ce: ayaba ba ta ƙasarmu ba ce. Daga kudu ake kawo ta, a Dutse nake saya, in kai ta Miga a cikin zafin bazara, kwana biyu ta yi baƙi ta fara tsiyaya. Sai na tarar da wani shafi a littafin da ya ce in ta nuna sosai, ka ɓare ta, ka sa a ƙanƙara ta daskare, sannan ka dake ta, za ta zama askirim ba madara ba sukari. Na rufe littafin na ɗaga kai. Firji yana kallona, ina kallonsa.

Leda ɗaya na fara sakawa, a can lungu. Washegari na fito da ita kamar dutse, na dake ta da dabino da gyaɗa a ɗan turmi, na kai cokali baki. Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa abu mai daɗin wannan a bakina ba. Laushi, sanyi, zaƙi, ga rana tana ƙona duniya a waje. Daga nan leda ɗaya ta zama biyu. Wuri ya yi kaɗan, na cire robar ruwa ɗaya na ajiye a ƙarƙashin tebur. Sai biyu. Kafin wata ya ƙare gidan ƙanƙara ya zama rumbun ayaba, robobi kuwa suna ƙasa suna shan ƙura. Sista ba ta buɗe saman firjin, ta yarda da ni.

To akwai wani ƙauye a bakin fadama da ya yi shekara biyu yana ƙin rigakafi. An yaɗa musu cewa ana zuba wani abu a cikin allurar. Sista Rabi ta yi ta zarya garin har takalminta ya san hanya. A ƙarshe ta shawo kan Limaminsu, wani dattijo mai makarantar allo, wanda ƙyanda ta taɓa ɗauke masa 'ya. Ya miƙe bayan sallar Juma'a ya ce wa mutanensa shi ya ɗauki nauyi, ba komai a cikin allurar sai alheri, kuma jikarsa za a fara yi wa. Aka sa ranar Talata. Ƙyanda kuma ta riga ta ɓulla a garuruwan da ke kusa.

Na san da ranar. Sista ta faɗa mini sau uku. Na ce a raina ranar Litinin zan mayar da robobi. Litinin na iso daga Dutse da yamma, na kwashe rabin ayabar na cusa robobi huɗu. Na manta, ko na ƙi tunawa, cewa firjin kananzir ba ya daskarar da ruwa a kwana ɗaya. Talata da safe na ɗauko roba na girgiza, ruwa ya ce ƙulun-ƙulun.

Sista tana ɗakin gaba tana haɗa sirinji da auduga. Taku goma ne tsakaninmu. Abin da ya kamata in yi shi ne in taka goman nan in ce, Sista, na yi ɓarna, a ɗaga zuwa jibi. Za ta zage ni, ƙila ta rubuta ni, shi ke nan. Amma sai idona ya sauka a kan ledojin ayaba da suka rage, daskararru kamar bulo. Na ce wa kaina, ai ƙanƙara ƙanƙara ce, wa ya ce sai ta ruwa? Na jera su a akwati, na kwantar da kwalaben a tsakiya, na rufe. Wallahi har murmushi na yi. Na ji a raina cewa da an bar ni na yi karatu, da yanzu ana jin sunana a rediyo.

Muka hau babura biyu, ita da mai tuƙa ta, ni da akwati ɗaure a baya. Hanya yashi da ramuka, akwati yana tsalle yana dukan bayana. Muka isa, aka ce a jira Mai gari. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka yi jawabi, rana ta take tsaka. Mata sun cika ƙarƙashin tsamiya, kowace da goyo, wasu da biyu a hannu. Sista ta dube su ta ce da ni a hankali, "Malam, ka ga ikon Allah? Shekara biyu." Idonta har ya kawo ruwa.

Liman ya zauna a kan tabarma, ya ɗora jikarsa a cinya, 'yar shekara ɗaya da wani abu, ya naɗe mata hannun riga da kansa. Ya ce, "Bismillah, 'yata, fara da tawa kowa ya gani."

Sista ta buɗe akwati.

Warin ne ya fara fitowa, tsami-tsami, zaƙi-zaƙi. Ta zura hannu ba ta duba ba, ta fito da shi ya yi dumu-dumu har wuyan hannu da wani abu mai ruwan ƙasa, mai yauƙi. Ledojin sun fashe a hanya, ayabar ta narke ta dame. Kwalaben suna nutse a ciki, takardun jikinsu sun jiƙe sun saɓule, ba ka gane wacce ce ta ƙyanda, wacce ce ta ruwan da ake haɗa ta da shi. Ta kama ɗaya ta ɗora a kuncinta. Ɗumi. Kafin ka ce me, ƙudaje sun iso.

Wata mata daga baya ta ɗaga murya. "Ga shi nan! Ai dama an faɗa! Ku zo ku ga abin da suke zubawa!"

Liman ya ce, "'Yata, mene ne wannan?"

Sista ba ta ko kalle ni ba. "Allah ya gafarta Malam, tambaye shi. Shi ya haɗa akwatin."

Ido ya fi ɗari ya juyo kaina. Na ce, "Ayaba ce."

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma sai mai wa'azin da ke cikina ya ga taro. Don in nuna musu ba guba ba ce, na tsoma yatsu a akwatin allurar, na kwaso na kai baki, na haɗiye, yana bin gemuna. Na ce, "Kun gani? Lafiyayyen abu ne. Tana sakin ciki, tana saukar da hawan jini, tana..."

"To mu jinin 'ya'yanmu bai hau ba," in ji wata tsohuwa. "Ku tashi, ku. An kawo mana mahaukaci da kunun birai."

Wasu sun yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Mata suka fara gyara goyo. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, ba zagi, ba hayaniya. Sista tana cewa, "Don Allah ku tsaya, jibi za mu kawo wata," ba wadda ta waiwayo. Liman ya sauke wa jikarsa hannun riga a hankali, ya miƙa ta ga uwarta. Sannan ya dube ni.

"Ɗana, yaushe ka san babu ƙanƙara?"

Na ce, "Da safe, Allah ya gafarta Malam."

"Da safe." Ya gyaɗa kai. "Da ka aiko da safen, da na ce musu a yi haƙuri zuwa jibi, kuma da sun yi. A masallaci fa na tsaya na ba su bakina. Yanzu da wane bakin zan koma?"

Ayaba tana bushewa a gemuna.

An dakatar da ni, daga baya aka mayar da ni gadin ƙofa a Dutse, inda nake har yau. A wurin aiki sunana ya ɓace, Mai Ayaba ya maye gurbinsa. Wannan duk mai sauƙi ne. Sista Rabi ta koma garin sau biyu da akwati mai ƙanƙarar gaske, ba wanda ya fito, har gidan Liman, don surukarsa ta ce ita ta ga abin da ta gani. Kafin ruwan farko ya sauka ƙyanda ta shiga garin. Na ji an yi jana'izar yara. Ban tambayi nawa ba, kuma har yau in wani ya ɗauko zancen sai in tashi.

Bayan damina na daure na je neman gafara. Liman ya karɓe ni a zaure, ya sa aka kawo mini fura da nono. Wata bakwai rabona da nono. Na ɗaga ƙwaryar na shanye tas, ban ce uffan a kan abin da littafi ya ce ba. Daga ranar na koma cin abin da mutane suke ci. Muna zaune jikarsa ta shigo tana dafa bango. Ta rayu, amma idonta na hagu ya yi fari.

Ya ga inda nake kallo. Ya ce, "Nawa na yafe maka tun ranar. Na sauran ba a hannuna yake ba."

Ayaba ba ta yi mini laifin komai ba. Ta gyara mini ciki, ta saukar mini da jini, kuma in kana da firjin kanka, ka daskarar da ita ka sha, za ka gode mini. Laifin na mutumin da ya karanta rabin littafi ne, ya ji ya fi taku goma girma. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. Yanzu duk ranar da wata dabara ta faɗo mini, har na ji ina yaba wa kaina, sai in ja bencina in zauna, in riƙe shi da hannu biyu, har ta wuce.