Ranar da Na Ce a Bar Majigin a Kunne

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da ma na so in manta, domin mutanen ofishinmu sun ɗauki nauyin tuna min da ita kyauta, har gobe.

Bari in fara da gaskiyar da ban taɓa faɗa a ofis ba: ni ba injiniya ba ne. Labarin ƙasa na karanta a jami'a, shi ma da ƙyar na sha. Wata ƙaramar ƙungiya mai taimakon manoma ce ta ɗauke ni aiki a nan Abuja, wajen Apo, don in riƙa rubuta rahoton tafiye-tafiye. Wata rana firinta ta ƙi aiki, na zare waya na mayar, ta tashi. Oga ya dube ni ya ce, "Ashe muna da injiniya a gidan nan." Shi ke nan suna ya zauna. (Mutumin kirki da sai ya ce a'a Oga, sa'a ce kawai. Ni kuwa washegari na sayo gilashin da ba na magani ba na ƙwama a fuska.)

Sai aka ɗauki Salamatu aikin gwaji na wata shida. 'Yar Uke ce, shiru-shiru, ba ruwanta da surutun ofis. Aikinta shi ne zuwa Yangoji sau biyu a mako, ta bi manoma gona-gona, ta rubuta sunayensu da abin da suka shuka, ta ɗauki hotunan doya da masara. A ƙarshen wata shidan za ta gabatar da rahoto a gaban wakiliyar masu tallafa mana. In rahoton ya yi, a tabbatar mata da aiki. In bai yi ba, ta tattara ta koma gida. Ni kuma, tunda yau ranar tonon silili ce, ina son yarinyar nan kamar in yi yaya, amma abin da ya fi "ina kwana" bai taɓa fita daga bakina ba.

Rannan ta ce kwamfutar ofis da take aiki da ita ta yi nauyi, filash ɗinta ma bairos ya shiga. Wayyo daɗi. Na karɓi kwamfutar kamar likita ya karɓi jariri, na ce ta bar min komai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ofis ba kowa, na zauna da bidiyon wani mutum a waya ina bin sa tiryan-tiryan, na saka Linux kusa da Windows ɗin da ke ciki. Ga wanda bai sani ba, kamar ka raba ɗaki ɗaya ne gida biyu, kowane da ƙofarsa da makullinsa, kuma wanda ke ɓangaren Windows ba ya ganin kayan da ke ɗaya ɓangaren. Da aka tambayi sunan da zai riƙa fitowa a allon shiga, na rubuta "Ofis", kamar mai hankali. A ƙasa akwai wani ƙaramin akwati na sunan mai amfani, wanda mai bidiyon ya ce ba wanda zai gani. Na rubuta wani abu a ciki, na yi dariya ni kaɗai, na wuce. Ku riƙe wannan akwatin a ranku, don ni ban riƙe shi ba.

Ban tsaya nan ba. Na kwashe aikin Salamatu kakaf na mayar ɓangaren Linux, na goge na Windows, na wanke filash ɗin tas. Sannan akwai wani ɗan allo da ke fitowa in an kunna kwamfuta, mai tambayar wanne ɓangare za ka shiga. Na bi wani bidiyon na ɓoye shi, wai jira ɓata lokaci ne. Yanzu kana kunnawa sai Linux, ba tambaya, ba faswod. Ranar Litinin na miƙa mata ina cewa, "Wannan ko bairos ɗin duniya ya taru, ba ya shiga." Ta ce ta gode, ta ci gaba da aikinta.

Ana gobe taron ne shaiɗanin gwaninta ya sake taɓa ni. Na ce ai rahoto mai muhimmanci haka bai kamata ya kwana ba tsaro ba. Bayan ta tashi, na kashe shiga kai-tsaye, na ƙirƙiro wani dogon faswod mai haruffa manya da ƙanana da lambobi da alamomin da ban san sunansu ba. Na rubuta a 'yar takarda, na jefa a aljihun rigata. Da sassafe mai wanki ya biyo layinmu a kan babur, na tattara masa kaya har da rigar, na ma ce ya sa sitaci sosai.

Ƙarfe goma ɗakin taro ya cika. Ga Oga cikin babbar riga. Ga Hajiya, wakiliyar masu tallafi, mace mai duba agogo kafin ta dubi mutum. Ga Madam Rifkatu sakatariya tana raba ruwa. Ga manoma biyar da suka taso tun daga Yangoji, a gabansu shugabansu Baba Ishaku, wanda ke kiran Salamatu 'yarsa. Na haɗa kwamfuta da majigi, na kunna, bango ya yi haske, sai ga "Ofis" da akwatin faswod a ƙasa.

Salamatu ta dube ni. Na sa hannu a aljihu cikin isa. Na ji hankici. Na ji ɗaya aljihun, na ji goro. A lokacin ne na hango rigata a ido na zuci, tana can cikin bahon mai wanki tana shan kumfa.

"Malam, faswod kuma? Jiya ai babu," in ji ta a hankali.

"Tsaro ne," na ce. "Yana kaina."

Ba ya kaina. Na gwada abin da nake zaton shi ne, akwatin ya girgiza. Na sake, ya sake girgiza kai a bango, a gaban kowa, kamar tsohuwar da aka kawo wa tsegumi. Na gwada ranar haihuwata, na gwada lambar motar Oga. Salamatu ta raɗa min cewa kwafin rahoton da ke imel ɗinta tsoho ne, hotuna da jadawalin mako biyun ƙarshe duk suna cikin nan kaɗai. Kunnena ya ji, amma bakina bai samu labari ba.

"Jama'a, ƙaramin abu ne," na ce da ƙarfi. "Akwai ƙofar baya da muke kira recovery mode. Minti biyu."

Oga ya ce, "Injiniya, ko ka cire majigin ka gyara a gefe, mu fara da jawabi?"

Salamatu ta yi saurin cewa, "Eh Malam, don Allah a cire majigin tukuna."

To ku ji amsar da na ba su, ni da bakina, ba wanda ya tilasta ni: "A'a, a bar shi a kunne. Ai ilimi ne, kowa ya ƙaru."

Ƙofar bayan kuma tana cikin ɗan allon nan da na ɓoye da hannuna. Na sake kunna kwamfuta na danne maɓallin Shift don allon ya fito, ta wuce abinta zuwa allon faswod. Na sake, na makara. Na uku na koma kan Esc ina dukan sa kamar mai kiɗan kalangu, sai bango ya yi baƙi ƙirin, ba komai sai wata 'yar kalma da ɗigo yana ƙyaftawa. Madam Rifkatu ta ajiye tiren ruwa ta ce, "Injiniya, kwamfutan ya mutu ne?" Na ce mata wannan alama ce mai kyau. (Na zaro waya a ƙarƙashin tebur ina neman mai bidiyon nan, shi kuma yana can yana roƙon in danna ƙararrawar shafinsa.) Hajiya ta duba agogo, ta ce tana da wani zaman ƙarfe sha biyu.

A karo na huɗu Allah ya taimake ni, na taɓa Esc sau ɗaya tak, allon zaɓi ya fito. Na shiga recovery mode, na gangara na zaɓi layin da ke ba mutum ikon komai. Rubutu fari ya zubo a kan baƙin bango, manoma suka gyara zama. Wallahi a take kaina ya sake kumbura. Na gyara gilashi na juyo ina bayani.

"Yanzu zan ba ta sabon faswod. Amma ita kwamfuta ba ta san 'Ofis' ba, sunan mai amfani na ainihi take so. Bari mu tambaye ta."

Salamatu ta matso har kafaɗarta ta kusa taɓa tawa. "Malam, ba sai ka duba ba. Kawo in rubuta."

"Kwantar da hankalinki," na ce, har da ɗan murmushi. "Wannan wurin na manya ne."

Na rubuta umarnin da ke jero sunayen masu amfani, na daki Enter da yatsa ɗaya, irin dukan gwanaye. Suna ɗaya ne ya fito, shi kaɗai a layinsa, kowane harafi ya kai tafin hannu a jikin bango.

angon_salamatu

Na yi fatan ko ba wanda ya lura. To amma duk rubutun da ke bangon nan Turancin inji ne, wannan kaɗai ne Hausa, shi kuwa Baba Ishaku ya yi ajin yaƙi da jahilci, kuma tun safe yake neman abin da zai iya karantawa. Ya miƙa wuya, ya ɗaga yatsa, ya bi shi gaɓa-gaɓa.

"An-gon... Sa-la-ma-tu." Ya juya gare ta da fara'a. "A'a, 'yata, aure kika yi ba mu ji ba? Ina angon?"

Madam Rifkatu ta nuna ni da murfin gora. "Ga shi nan, Baba. Shi ne ya saka abin."

Ban san gumi yana fitowa ta bayan kunne ba sai ranar. Oga ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna tsalle. Hajiya, wadda tun zuwanta ba ta yi murmushi ba, ta cire gilashinta tana goge ido. Baba kuwa tsakaninsa da Allah yake sa albarka, yana cewa doyar biki tana wuyansa. Na buɗe baki in ce bairos ne, sai na tuna ni na yi shela cewa bairos ba ya shiga.

Na ce bari dai in gama aikin, ko na tsira da rabin mutunci. Na rubuta umarnin canza faswod, na bi shi da sunan nan da yatsuna, ina ji kamar ina sa hannu a takardar laifi. Na sa sabon faswod sau biyu. Kwamfuta ta ce ba ta yarda ba. Na sake, ta sake ƙi. Nan ilimina ya ƙare, domin bidiyon da na kalla bai kai nan ba.

Salamatu ta miƙo hannu. Ta jawo kwamfutar gabanta, ta rubuta layi ɗaya ba tare da ta kalli madannai ba, ta ce wa ɗakin, "A wannan yanayin karatu kawai take yarda a yi, sai an buɗe mata izinin rubutu." Sannan ta rubuta sunan angon nata, ta sa faswod ɗin da ba ta nuna min ba, ta sake kunnawa. Sai ga gonakin Yangoji a bango, kore shar. Ta yi bayani na minti arba'in ba tuntuɓe, Hajiya ta manta da agogo, ni kuma ina lungu ina riƙe da wayar majigi, ko da wani zai buƙaci a riƙe ta.

Da aka watse na same ta tana naɗe caja. Na ce, "Salamatu, wannan sunan, kuskure ne na..."

"Tun satin farko na gan shi, Malam. Yana fitowa a adireshin kowane fayil. Ina jira ne in ga ranar da za ka cire."

Na tambaye ta inda ta koyi wannan aiki. Ta ce ai kimiyyar kwamfuta ta karanta, shekara huɗu. Na ce to me ya hana ta faɗa?

"Na ga duk wanda aka sani da iya kwamfuta a ofishin nan, gyaran firinta yake ƙarewa. Ni gona na zo yi." Ta rataya jaka, ta tsaya a bakin ƙofa. "Amma da aikin nan ya ɓace, Malam, da ban yafe maka ba."

Wannan maganar ta fi dariyar zafi, don gaskiya ce. Wata shida na rana da ƙurar hanya na kusa kulle mata a aljihun riga, don kawai a ce na iya.

An tabbatar mata da aiki a satin. Ni kuma aka sauke ni daga Injiniya aka naɗa ni Ango, har mai gadi haka yake gaishe ni. Bayan shekara guda ta auri wani mai garejin gyaran mota a Apo, mutum mai kirki, abin haushi. Muka cika mota muka tafi Uke biki. Ana tsakiyar walima mai gabatarwa ya ɗauki makirufo ya ce, "Ina angon Salamatu? Ya taso a gan shi." Teburin ofishinmu gaba ɗaya, har da Oga, har da Baba Ishaku daga can nesa, suka juyo suka zuba min ido. Na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmi, alhali silifa ne a ƙafata.

Yanzu duk akwatin da aka ce min ba wanda zai gani, sunana na yanka nake rubutawa a ciki. Kuma duk ranar da mace ta ce min a cire majigi tukuna, ba na tambayar dalili, har soket nake kashewa.