Yadda Za Ki Ari Gidan Masu Kuɗi Ki Sa Jikarki A Makaranta

Ke da kike zaune a kan tudu irina, kina hango makarantar gwamnati mai sabon fenti a can ƙasa, a unguwar masu kuɗi ta Casa Forte, kina haɗiyar yawu, share hawayenki, magani ya zo. Ni Creuza na bi wannan hanya da ƙafata saboda jikata Mirela, 'yar shekara shida. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawarin kujera a aji ɗaya. Hanyata ba ta taɓa kunyata kowa ba. Sau ɗaya tak aka gwada ta.

1. Ki fara sanin laifinki

Laifinki shi ne inda kike kwana. Doka ta ce kowane yaro ya shiga makarantar da ta fi kusa da gidansu, kuma doka ce mai adalci ƙwarai: ɗan tudu ya yi karatun tudu, ɗan kwalta ya yi na kwalta.

Tamu ta kan tudu ba ta da aibu. Idan an yi ruwa a rufe ta, rufi na yoyo. Idan 'yan sanda sun hawo neman samari a rufe ta. Ranar da babu ruwa babu 'yan sanda, malama ce ba ta da lafiya. Ɗan maƙwabciyata aji huɗu yake, har yau da gumi yake rubuta sunansa, sunan kuwa Ivo ne.

Ta ƙasa har ɗakin littattafai gare ta. Masu benayen da suka kewaye ta ba sa sa 'ya'yansu a ciki, ta kuɗi suke kai su. Adireshin kawai suka riƙe. Ba su ci ba, ba su bar mai yunwa ya ci ba.

2. Ki samu wanda zai ɗaure ki da magana

Ba mai shiga wannan wahala da hankalinsa. Ni 'yata Josilene ce ta ɗaure ni. Shekara goma sha ɗaya tana aikin gida a benen wata mai kuɗi, Dona Glória, kullum da safe sai ta wuce ta ƙofar makarantar nan.

"Mama, a can Mirela za ta yi karatu, ko da zan tsufa ina wanke bayan gidan mutane."

"Ke dai cinye kuskus ɗinki, bas ba ta jiran mai mafarki."

A watan Agusta ta faɗi a tashar bas. Sun ce jijiya ce ta fashe a kanta. Shekararta talatin da huɗu, ba ta yi tsufan ba.

Idan taki 'yar tana da rai, ki tsallake wannan mataki, ki je ki dafa mata abin da take so.

3. Ki nemo takardar wuta

Makaranta ba ta tambaya ko yarinya tana da kai. Takardar kuɗin wuta take so, mai adireshi a jiki. Mu a tudu Seu Biu ne kamfanin wutarmu: ya hau sandar wuta da filaya ya jawo miki waya, amma bai taɓa ba kowa takarda ba. Don haka sai ki sa rigar coci ki nufi wurin masu takarda.

Dona Glória ba ta zo jana'iza ba, ciwon kai ya hana ta, amma ta aiko da furannin da sai da maza biyu suka ɗauka. Da ta gan ni a kicin ɗinta sai ta dafe ƙirji.

"Ayya Dona Creuza! Josi ai 'yar gida ce a wurinmu."

'Yar gida mai cin abinci a tsaye. Kada ki faɗi wannan, ki haɗiye.

"To ranki ya daɗe, tunda haka ne, jikar gida na neman takardar wuta. Da ɗan sa hannu, cewa 'yar riƙonki ce, a nan take kwana ranakun makaranta."

Ta daɗe tana kallon farcenta. "Ba dai za a jawo min magana ba?"

"Wace magana? Wa ke tuhumar mai bene na bakwai?"

Kunyar mai kuɗi ƙanƙara ce a rana, ki je da wuri. Ni na bari har Disamba, saura ƙiris in tarar da ruwa.

4. Ki koya wa yarinya ƙarya

Shekara shida kina ja mata kunne a kan ƙarya, yanzu mako biyu gare ki ki warware aikinki.

"Ina gidanku?"

"Bene na bakwai, wurin Dona Glória."

"Goggo Glória! Sake."

"Kaka, Mama ta ce mai ƙarya harshensa baƙi yake zama."

"Wannan ba ƙarya ba ce, karatu ne."

Idan kika kama ta tana zaro harshe a gaban madubi tana dubawa, ki yi kamar ba ki gani ba.

5. Ki kame bakinki a layi

A layin miƙa takardu za ki haɗu da mace mai fara'a. Ki ji tsoronta. Tawa ta ba ni alewa, ta tambayi ƙafata da ta kumbura, ni kuma bakina ya ce, "Bari ke dai 'yar uwa, bas biyu na hawo." Wai ni mai kwana a bene na bakwai, nan bayan makaranta.

Kujera ɗaya ta rage a ajin, ɗanta ma ita yake nema. Bayan kwana uku aka aiko cewa makaranta za ta turo mai duba gida.

6. Ranar dubawa, ki shirya komai, ki manta abu ɗaya

Dona Glória ta gyara ɗakin baƙi, ta ɗora 'yar tsanar jikarta a kan gado. Ni na yi wa Mirela kitso, na goge mata takalmi, muka maimaita Goggo har sau ashirin. A bakin ƙofar bene muka haɗu da mai dubawar, Malama Edileuza, wata siririya mai tabarau da fayil a hammata.

Kin san benayensu lif biyu gare su: na gaba mai madubi na masu gida, na baya na masu aiki da shara da karnuka. Na koya wa yarinyar nan komai ban da ƙofa. Ta saki hannuna, ta gaida maigadi da sunansa, ta zagaya ta wurin kwandunan shara, ta yi ɗage ta danna na baya.

Malama ta kalle ni ta saman tabarau. "'Yar riƙon uwar gida ce ke hawa ta nan?"

"Tsoron madubi take yi, malama."

Ta ƙofar kicin muka ɓullo. Dona Glória tana can tana jiranmu a ƙofar gaba da murmushinta, sai da ta zagayo.

"Mirela, nuna min ɗakinki," in ji malama.

Mirela ta wuce ɗakin 'yar tsana ko kallo bai ishe ta ba. Ta je ta tsaya a bakin ɗan ɗakin nan na bayan kicin, mara taga, inda teburin guga yake. Ta tsaya kawai. Ni kuwa na fara lissafin yadda zan koma tudu in ce wa Josilene ban iya ba.

Dona Glória ta ga ana nutsewa, ta ce bari ta yi wa baƙuwa kofi da hannunta. Tun rasuwar Josilene 'yan aiki uku ta canza, ranar babu ko ɗaya. Ta buɗe wannan kabad, ta rufe. Ta buɗe wancan.

"Wai ina Josi take ajiye sukari ne?"

Mirela ta jawo kujera, ta hau, ta miƙa hannu can bayan gwangwanin shinkafa ta ciro kwalba. "Saboda tururuwa ne. Kuma kada ki kunna murhun hagu, Dona, tsartuwa yake." Ta sauko da kofuna biyu masu bakin zinariya, sannan ta ciro wani mai tsaga daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke. "Waɗannan na baƙi. Wannan namu ne."

Malama ta ajiye fayil. "Tun yaushe kike zuwa gidan nan?"

"Tun ina cikin Mama."

"A ina kike barci?"

"Ƙarƙashin teburin guga, idan Mama tana guga. Akwai ɗumi."

Ban san wannan ba. Shekara shida ina zaton na san inda yarinyar nan take wuni ranakun da ciwon ƙafa ya hana ni riƙe ta.

Malama Edileuza ta shanye kofinta a hankali, ta yi rubutu mai tsawo, ta rufe alƙalami.

"Na shiga gidaje da yawa a wannan aiki," ta ce. "Ban taɓa ganin yaron da ya san gidansu kamar wannan ba." Ta juya wurin Dona Glória. "Ke ce dai, ranki ya daɗe, nake shakkar ko a nan kike zaune."

Dona Glória ta yi dariya, don ba ta san abin da za ta yi ba. Malama ta ɗauki fayil ɗinta ta sauka ta lif na baya, ba ta tambayi kowa hanya ba.

7. Ki karɓi nasararki, kada ki waiga

A watan Janairu suka liƙa sunaye a bango, na sa maigadin makaranta ya karanta min har sau biyu. Mirela tana ciki. Ɗan mai alewa ba ya ciki. Gidansu na gaskiya titi biyu ne daga makarantar, ɗaki ɗaya a bayan garejin kanikawa, takardar wutarta kuma tata ce ta halal. An tura shi wata makaranta can gaba da gada. Nakan ga uwar da safe tana jan hannunsa zuwa tasha. Ki koyi kallon takalminki, yana taimakawa.

Sauran kuma mai sauƙi ne: ki tashi ƙarfe huɗu da rabi, bas biyu zuwa, bas biyu dawowa, shekara biyar kacal.

Gargaɗi

Ni Creuza ba lauya ba ce, ba malama ba ce. Idan aka kama ki, ban san ki ba. Idan uwar gida ta canza ra'ayi, ko mai dubawarki ta zo da zuciyar dutse, ko Fada ya tsare ki da tambaya ranar ikirari, ke kika jiyo, babu hannuna.

Kuma idan hanyar makarantar ta bi ta gindin benen, yarinyar ta ja ta tsaya a ƙofar baya da jakarta a kafaɗa, ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, mu ɗan leƙa ko Mama ta zo aiki yau," kada ki zo wurina neman mataki na takwas. Ba ni da shi. Ni dai nakan ce mata mun makara, in ja hannunta mu tsallaka titi.